Kabarin Akuya a Gefen Gonar Rogo

Ba zan ɓata bakina kan yadda na bar Zazzau ba. Na fita fataucin goro da jakuna, na ƙare ni ne hajar da ake tayawa. Wanda ya bi hanyar nan ya san sauran, wanda bai bi ba ko na faɗa ba zai gane ba. Zan fara ne daga inda aka sauke ni.

Zangon farko birnin Bahiya ne, can ƙetaren teku, amma ban ga birnin ba. Na dai ga wani dogon ɗaki a bakin ruwa inda aka shafa mana manja don mu yi sheƙi. Wani Bature ya buɗe bakina ya duba haƙora, ya yayyafa mini ruwa a ka, ya ce daga yau sunana Juze. Sunana Mamman ne, amma ban yi musu ba, don a lokacin ko Jaki ya ce sai in amsa. Daga nan aka sa ni a jirgin ruwa mai filafilai, muka ratsa ruwan, muka wuce babban tsibirin da suke kira Itaparika, muka sauka a wani ɗan ƙarami da ke bayansa. In yana da suna ban riƙe ba. Mu Tsibiri kawai muke ce masa.

Babu komai a wurin sai yashi, itatuwan kwakwa, bukkoki da wuraren aiki guda biyu. Na farko matoya ce ta farar ƙasar gini. In ruwa ya janye sai mu shiga mu kwaso bawon katantanwar teku da duwatsun ƙarƙashin ruwa, mu jera su da itace, mu cinna wuta, in sun toyu mu daka mu tankaɗe. Garin yana cin hannu, yana cin ido. Na biyu rumfar tukwane ce ta dafa man wani ƙaton kifi da suke kira baleya, wanda tun ranar da na fara ganinsa na ce lalle irinsa ne ya haɗiye Annabi Yunusa. Shi a watannin ruwan sama yake zuwa, kuma in ya zo babu mai zama. Maigidanmu a birni yake zaune. Wanda muke gani shi ne wakilinsa, wani siririn mutum mai bulala, wanda na laƙaba wa Sarkin Gandu.

Abinci kuwa dabara suka yi mana. An yanka wa kowa ɗan fili, an ba shi ranar Lahadi, an ce ya ciyar da kansa. Gero ba ya yi a wurin, dawa ba ta yi. Rogo ne kawai, kuma ni ban san shi a gida ba. Ranar da na fara tono shi na jefa a wuta kamar gwaza, sai wata tsohuwa matar masunci, Mariya, 'yar asalin ƙasar, ta buge mini hannu har saiwar ta faɗi. Ba ta jin harshena, ba na jin nata. Ta ja ni bayan bukkarta ta nuna mini yadda ake yi. A fere, a gurza, a ɗura cikin wani dogon kwando siriri, a rataye shi a reshe da dutse a ƙasa, ya yi ta matsewa ruwan yana ɗiga cikin akushi. Garin a soya shi a babban kasko har ya bushe. Ruwan kuwa ta haƙa rami ta zuba, ta mayar da ƙasa ta tattake, sannan ta ja yatsa a maƙogwaronta tana kallona. Na gane. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kamanninsa, fari-fari mai ɗan kauri, sak tsarin gero da matanmu ke ba awaki bayan sun wanke surfe.

Haka na zauna shekaru. Ba na murna, ba na baƙin ciki, jikina ne kawai ke tashi da safe ya tafi aiki.

Hausa kuwa da mutum ɗaya nake yin ta, wani Banufe mai suna Ndako, matuƙin jirgin da ke kai farar ƙasa da mai zuwa birni. Ya yi yawon kasuwanni a gida, ya iya harshenmu da ɗan karkacewa. Shi ne ya zo mini wata rana yana dariya, ya ce an kawo wata 'yar ƙasarku za ta riƙa dafa wa masu tukwane abinci. Hajara ke nan, mutuniyar Daura, doguwa, mai ƙarancin magana. Ba mu yi wani zance mai tsawo ba. Ndako ya karanta Fatiha, sadaki kwandon gari da matajin da na sassaƙa da ƙashin baleya. Ta dawo bukkata, muka haɗa filayenmu.

Da ta haihu mace ce. Ranar suna babu rago, babu wanzami, babu liman. Ni na ɗauke ta na raɗa mata sunan a kunne, na gaya wa Ndako ya sanar. Daga ranar bakina bai sake furta shi ba, na Hajara ma haka, don 'yar fari ce. Ni in ce "yarinyar nan", ita ta ce "'yar nan". Ndako ya yi ta yi mana tsiya.

"Ku Hausawa sai Allah," in ji shi. "A tsakiyar teku, wa zai ji ku? Kifi kuke jin kunya?"

Hajara ta ce, "Ba mu da uwa a nan, ba mu da uba. Abin da ya rage mana na gida ke nan, ka bar mu da shi."

Yarinyar ba ta kai ga zama ba aka aiko daga birni cewa uwargidan maigida ta haihu, ana neman mai shayarwa. Sarkin Gandu ya zo bukkarmu, ya matsa nonon Hajara yadda ake gwada saniya a kasuwa, ya gyaɗa kai. Na ce masa da guntun harshensu da na iya, to jaririyar fa? Ya ce nono ɗaya ba ya ciyar da biyu, kuma ba don tamu aka saye shi ba. Jirgi na jiran ruwa ya cika. Hajara ta shayar da ita har ta yi barci, ta miƙo mini ita, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Kada ka ba ta gari tukuna," ta ce. "Hanjinta bai yi ƙwari ba. Ka nemi akuya."

Iyakar sallamar da muka yi ke nan.

Akuya babu a tsibirinmu. Mariya ta riƙe mini yarinyar da ruwan kwakwa, Ndako ya tsallakar da ni Itaparika ran Lahadi wurin wani mai awaki. Ya nuna mini wata ja mai hantsa kamar za ta fashe, ya ce in ba shi duk rogon da ke tsaye a gonata. Ni ɗan gidan kiwo ne, kallo ɗaya na san an kwana biyu ba a tatse ta ba don ta cika ido, kuma haƙoranta sun faɗa mini ta kwana biyu a duniya. Ya san na sani. Ya kuma san ba ni da inda zan je. Na karɓa. Tunda ran Lahadi na samo ta, na sa mata Ladi.

Ban tsaya tatsa ba, don ba ni da abin ɗura. Nakan durƙusa in matse wuyan Ladi a hamata, in tallabo yarinyar da ɗaya hannun in kai bakinta. Da farko Ladi ta yi harbi, daga baya ta saba, har in yarinyar ta yi kuka ita ma sai ta amsa daga inda take ɗaure. Nonon bai kai yadda aka nuna mini ba, amma da na dage da yanko mata ganye ya ɗan dawo. Rayuwar yarinyar nan gaba ɗaya ta koma cikin hantsar tsohuwar akuya, kuma na san haka kullum.

Ga yadda wunina ya koma. Da asuba in yi salla a cikin bukka ba da sauti ba, in shayar, in yanko ganye, in ɗebo ruwa a rijiyar da ke can ƙarshen tsibiri, don ta kusa gishiri ce. In goya yarinyar da zanen uwarta in nufi matoya, maza suna nuna ni suna dariya. Ƙurar farar ƙasa ba ta barin jariri, saboda haka sai in sa ta a kwando ƙarƙashin wata bishiyar kashu da ke sama da iska, in ɗaure Ladi a kusa. Ƙarƙashin kwakwa ba ya yiwuwa, ɗiyan na faɗowa. Ina daka ina kasa kunne. In Sarkin Gandu ya juya baya in ruga in kore tururuwa in dawo. Da rana lokacin da wasu ke cin abinci ni ina durƙushe da akuya a hamata. Da yamma ga sabon rogon da na dasa yana son ciro, ga itace, ga wankin tsumma, ga ƙaguwa da zan tono a taɓo don miyar da zan ci. Ran Lahadi in yi wa wasu gurza su ba ni gari, tunda nawa na tsaye na mai awaki ne.

Ba zan ce na sha wahala ba, don wahala sai da zuciyar da za ta ji ta. Akwai ranar da na farga ina tsaye a bakin matoya ina jijjiga buhun farar ƙasa a kafaɗa ina cewa yi shiru, yi shiru. Wanda ke kusa da ni ya kalle ni ya kawar da kai. Sunan akuya ina kiransa ba adadi a wuni. Na yarinyar yana nan inda na ajiye shi.

Ana cikin haka ruwan sama ya sauka, baleya ta fara shigowa, aka kwashe mu daga matoya zuwa tukwane. A nan babu juya baya, don in wuta ta yi yawa mai ya kama, in ta yi kaɗan bulala. Ina tunanin yadda zan yi sai ga Ndako ya sauke wata mata da aka sayo da araha saboda tari, wai ta riƙa shara. Ta manyanta, furfura ta fito. Ta tsaya a yashi tana kallona da goyo, sai na ji ta ce a fili:

"Innalillahi! Namiji da goyo? Wannan ko ba a faɗa ba Bazazzagi ne."

Na daɗe ban ji abu ya motsa a ƙirjina ba sai ranar. Na ce, "Inna, Bakanuwa ce ke nan. Shi ya sa aka sayar da ke da rangwame."

Ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta. Sunanta Kande. Kafin rana ta faɗi ta kwance goyon daga bayana ta mayar nata, tana faɗa wai na ɗaure yarinya kamar damin kara. Na kafa mata 'yar rumfa jikin bukkata. Ita ce ta fara yi wa yarinyar wasa da tawai irin na gida, tana kiran sunanta da baki cike, ni kuwa in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyaran igiya. Na gaya mata abin da na tuna. Kada ta sha rijiyar kusa, kada ta zauna ƙarƙashin kwakwa, kada ta haɗa ido da Sarkin Gandu, kada ta ci rogo ɗanye. Ta ce ta ji, ita ba yarinya ba ce.

Wata Lahadi na gurza rogon wani maƙwabci, na ɗura a kwando, na rataye, na sa akushi a ƙasa. Ramin ma na riga na haƙa. Sai ihu ya tashi daga bakin ruwa, an jawo baleya, kowa ya fito, Lahadi ko ba Lahadi ba. Na ajiye fartanya na ruga.

Sai la'asar sakaliya aka sake mu. Na dawo jikina duk ƙarni, na tarar tsakar gida a share tas, tsummoki a shanye, yarinyar an yi mata wanka tana bayan Inna Kande. Fuskar Inna cike da jin daɗi, irin na wanda ya yi aiki yana jiran a yaba.

"Sannu da aiki, Inna," na ce.

"Yauwa. Kai dai ba ka iya tattali ba. Ka bar tsari cike da akushi a rana zai yi tsami. Na ɗan barbaɗa masa gishiri na ba Ladi, don nono ya ƙaru. Ta shanye tas, har tana lasar akushin."

Na zagaya bayan bukka. Ladi na kwance a gefe ɗaya, ƙafafunta na rawa, kumfa na fita a baki, idonta ya kafe. Na durƙusa na ɗora hannu a wuyanta inda na saba matsewa. Na zaro wuƙa, sai na tuna naman ma ba zai ciwu ba, na mayar. Ba a jima ba ta daina motsi.

Inna Kande na tsaye a bayana. Na ce, "Inna, ruwan rogo ba tsari ba ne. Dafi ne."

Ta dubi akushin da Ladi ta lashe. Can ta ce da ƙaramar murya, "A gidanmu ko ɗigo ba a zubarwa."

"Na sani, Inna. A gidanmu ma haka ne."

Ban yi mata faɗa ba. Na duba cikina ban sami faɗan ba. Na faɗaɗa ramin da na haƙa don ruwan, a gefen gona, na sa Ladi a ciki na rufe kafin magariba, ƙasar ta yi ɗan tudu.

Kwanakin da suka biyo baya mun gwada duk abin da hannu ya kai. Ruwan kwakwa, kunun sitaci mai ruwa-ruwa, romon kifi. Inna Kande ta sa mata nata busasshen nono, yarinyar ta ja ta ja ta saki. Zawo ya kama ta. Maɗigarta ta faɗa, fatar cikinta in ka ja ba ta komawa. Ba ni da sauran rogon da zan ba mai awaki, kuma babu mai shayarwa a tsibirin. Na je wurin Sarkin Gandu na durƙusa, na roƙi a dawo da Hajara ko na kwana kaɗan. Yana auna mai a ganga bai ko ɗago ba. Ya ce jarirai suna mutuwa kullum, in uwar ta dawo ta haifi wata.

Inna Kande, wadda tun ranar ba ta ci abin kirki ba, ita ta tare Ndako a bakin ruwa.

"Ɗan nan, ka kai ta wurin uwarta. Ni na kashe akuyar, kada in kashe biyu."

Ndako ya ce gidan maigida ba za a bar yarinyar ta ƙetare ko zaure ba. Ya yi ta susar gemu. Sannan ya ce akwai wata Bahausa a unguwar Barokinya, Gwaggo Asabe, ta fanshi kanta tuntuni, tana tuyar ƙosai a bakin hanya, kuma kullum da hantsi Hajara takan bi ta wurin in an aike ta shan iska da ɗan Bature. Washegari zai kai gangunan mai, zai ce wa Sarkin Gandu yana son mai ƙarfi ya taya shi saukewa.

Na sa yarinyar a kwandon gari na rufa buhu a kai. Duk tsawon hanya ina tsoron kada ta yi kuka ma'aikatan jirgi su ji. Ba ta yi ba, galabaita ta sa ta wuce nan. Lokaci-lokaci in zura yatsa ƙarƙashin buhun in ji ko da sauran ɗumi.

Ranar na fara hawa tudun da birnin yake kai, bayan shekarun da na yi ina hango shi. Hanya ce mai tsayi kamar hawan dutse, mutanenmu suna ɗauke da Turawa a kujeru suna nishi. A Barokinya na ji Yarbanci, na ji Nufanci, na ji Hausa ta ko'ina, amma ban tsaya ba. Gwaggo Asabe gajera ce mai kauri, da tsagen Gobir a kumatu. Ndako ya yi mata bayani a taƙaice. Ta ɗaga buhun ta duba, ta taɓa maɗigar, ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ɗaura wani zane tsakanin rumfarta da bango.

Da hantsi sai ga Hajara, da jaririn Bature a kafaɗa, jajur, kumatu kamar an hura. Gwaggo ta karɓe shi kamar mai yi masa wasa, ta tura ta bayan zanen. Na bi ta. Da ta ga abin da ke cikin kwandon ba ta yi kuka ba, ta zauna a ƙasa ta ɗauke ta. Yarinyar ba ta kama ba. Hajara ta matsa mata a leɓe, ya gangara ta gefen baki. Ta sake matsawa. Na ga maƙogwaron ya motsa. Can sai bakin ya laluba ya kama, a hankali, tana ja tana hutawa.

Hajara ba ta ɗago ba ta ce, "Ka rame."

"Ke kin yi ƙiba."

"Kaza ake ba ni. Ba don ni ba."

Gwaggo Asabe ta leƙo, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ku saurara, ba zan maimaita ba. In ta koma tsibiri gawa ce. In ta zauna nan a matsayin taku, baiwar mutane ce aka sato, ni da ku da Banufen nan duk mun shiga uku. Saboda haka jikata ce, ta 'yata da ta rasu a ƙauye. 'Ya ce, ba baiwa ba, ba mai ita. Uwarta ta mutu, ubanta ya mutu. Malam, ka ji ni?"

Na ce na ji.

"Yaya sunanta?"

Ni da Hajara muka sunkuyar da kai. Ndako ne ya faɗa.

Da na koma, Sarkin Gandu ya lura babu goyo a bayan Inna Kande, ya tambaye ni ina jaririyar. Na miƙa hannu na nuna tudun da ke gefen gona. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Mariya ta kawo wasu furanni ta ajiye a kai, ban hana ta ba.

Yarinyar ta rayu. Hajara ta shayar da ita a ɓoye bayan zanen nan har ta kai cin kunu. Bayan an yaye ɗan Bature, maigida ya tura Hajara wata gonar rake can cikin ƙasa, saƙo ya zo ta bakin Ndako sau ɗaya ko biyu, daga nan ya ɗauke. Inna Kande kullum in ta gama shara sai ta je ta zauna kusa da tudun, har tarin ya tafi da ita. Kusa da Ladi na binne ta. Ni kuwa na ci gaba da matoya, da tukwane, da gona. Aiki ya ragu ƙwarai tunda babu goyo babu yankan ganye, har nakan rasa abin yi da hannuna da rana.

Ndako ya san yadda ya yi na zama mai taya shi sauke kaya. In mun je birni sai in hau Barokinya da ɗan buhun gari in kai wa Gwaggo Asabe, kamar mai talla. Na ga yarinyar tana rarrafe, na gan ta tana tafiya, na gan ta ta fara miƙa wa masu saye ƙosai a ganye. Tafiyar Hajara gare ta. Tana ce mini Baba mai gari. Ni kuma in ce "ke", ko "yarinya", in zauna a kan dutse in ci ƙosai biyu in tashi. Wannan ya ishe ni.

A shekarun nan an sa wa Hausawa ido a birni, ana kama mutane kan zance kaɗan. Kusa da rumfar Gwaggo akwai inda 'yan dako Hausawa ke zama suna dara kafin a kira su aiki. Cikinsu akwai wani Tanko, wanda kowa ya san abin da kunnensa ya ji da safe yana kaiwa gidan hukuma kafin yamma. Rannan na kawo gari, ina zaune ina ci, sai yarinyar ta zo ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu. Lokacin ta fara famfara.

"Baba mai gari, kai ba ka san sunana ba ne? Kullum sai ka ce ke."

Na ce, "Na sani mana."

"To faɗa."

'Yan dako suka yi dariya. Tanko bai yi ba. Ya tsaya da ɗan dara a hannu, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Af, ni ma na lura. Shekara da shekaru yana zuwa, ban taɓa jin ya kira ta ba. Malam, sai ka ce 'yar farinka."

Babu Baturen da zai gane abin da ya faɗa, amma duk wanda ke wurin ya gane. Gwaggo Asabe ta ci gaba da juya ƙosai ba ta waiwayo ba, na dai ga wanda ke cikin mai ya wuce soyuwa bai fito ba. Yarinyar tana nan tsaye tana jira.

Baƙo ba ya jin nauyin sunan 'yar mutane. Na haɗiye abin da ke bakina, na ce da murya irin ta kowa:

"Salamatu, ɗebo mini ruwa."

Ta yi tsalle ta tafa hannu. "Ashe ka iya!"

Ta kawo ruwan a ƙoƙo. Tanko ya ajiye ɗan darar a gurbinsa ya ce wa abokin wasansa ya taka. Na shanye, na mayar mata da ƙoƙon, na naɗe buhuna na gangara bakin ruwa tun Ndako bai aiko kirana ba.

Mun isa tsibiri da sauran rana. Na ɗauki fartanya na nufi gona, don ciyawa ta kama gefen. Da na kai wurin tudun sai na tsaya. Shekara nawa ina wucewa ta nan na san akuya ce a ciki. Ranar na ajiye fartanyar na zauna a inda Inna Kande take zama, na yi kukan da ake yi wa 'ya.